Mayelin: Yadda aikin jijiya ke gina rigar kitse a ƙwaƙwalwa

Mayelin wani rufi ne mai kitse da ke naɗe da dogayen zaruruwan jijiya, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Shi ne ya ba sashen cikin ƙwaƙwalwa farin launinsa. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa masa suna a 1854. A jijiyar da ba ta da wannan riga, saƙo na tafiyar kimanin mita ɗaya ko biyu a daƙiƙa, amma a mai rufi mai kauri yana iya haura mita 100. Dalili kuwa shi ne rufin na da 'yan giɓa-giɓai a jere, saƙon sai ya riƙa tsallake daga wannan giɓi zuwa wancan maimakon ya bi zaren taku-taku.

A cikin ƙwaƙwalwa da lakar baya, ƙwayoyin da ke saƙa wannan riga su ne oligodendirosait, waɗanda masanin ƙasar Sifen Pío del Río Hortega ya bayyana a 1921. Ƙwaya guda na iya miƙa hannuwa ta naɗe zaruruwa masu yawa. An daɗe ana ɗaukar aikinsu tamkar na magini da ke bin tsarin gado kawai, ya gama ya tafi. Bincike na shekaru talatin da suka wuce ya nuna ba haka abin yake ba.

A 1993, Ben Barres da Martin Raff a Landan sun toshe saƙon lantarki a jijiyar idon ƙananan ɓeraye, sai yaɗuwar ƙwayoyin da ke rikiɗa su zama masaƙan mayelin ta ragu sosai. A shekarar 2000 aka gano cewa jijiyoyi na aika wa waɗannan ƙwayoyi saƙo kai tsaye ta sinadarin gulutamet, wato wanda jijiyoyin ke amfani da shi a tsakaninsu. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2014. Tawagar Michelle Monje a Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi amfani da haske ta zaburar da jijiyoyin motsi a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Bayan makonni huɗu rufin ya ƙara kauri, ƙafar da jijiyoyin ke sarrafawa kuma ta ƙara saurin motsi. A shekarar dai, ɗakin binciken William Richardson a Landan ya hana ɓeraye samar da sababbin masaƙa, sai suka kasa ƙwarewa a gudu kan wata ƙafar juyi mai matakai marasa tsari, alhali 'yan uwansu sun iya.

A ɗan Adam hujjar ba ta kai haka kaifi ba, domin na'urar hoton ƙwaƙwalwa tana nuna sauyin tsarin farin sashe ne, ba kaurin rufin kansa ba. Duk da haka, wani bincike a Suwidin a 2005 ya danganta yawan atisayen makaɗan fiyano tun suna yara da ingancin wasu hanyoyin jijiya, yayin da masana a Jami'ar Oxford suka ga sauyi a 2009 bayan manya sun yi makonni shida suna koyon wasan cafe-cafe da ƙwallaye.

Ma'anar wannan ba ta da nisa da rayuwar yau da kullum a arewacin Yobe. Yaron da ke wanke allo yana sake rubutu a tsangaya a Kumagannam, da matashin da ke koyon jefa birgi a fadamun Nguru, maimaici suke yi, kuma maimaicin ne ke sa wasu hanyoyin jijiya su yi ta aiki fiye da wasu. Bahaushe dama ya ce yau da gobe ba ta bar komai ba. Sai dai lokaci na da tasiri: mafi yawan ginin na gudana ne a shekaru biyun farko na rayuwa, ko da yake sashen goshi, mai kula da tsara shawara da kame kai, ba ya kammala nasa sai mutum ya wuce shekara ashirin. Wani gwaji a Boston a 2012 ya nuna ɓerayen da aka kaɗaita makonni biyu bayan yaye sun samu siririn rufi a wannan sashe, kuma mayar da su cikin 'yan uwansu bai gyara shi ba.

Masaƙi kuma ba ya aiki sai da zare. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na busasshen nauyin mayelin kitse ne, kuma ƙwayoyin da ke yin sa na buƙatar sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da isasshen aidin domin aikin maƙoƙo. Wannan ne ya sa tamowa da ƙarancin jini a jarirai, waɗanda suka daɗe suna addabar Yobe, ke da haɗari fiye da rama da ido ke gani. Nonon uwa zalla na watanni shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan kifi, ƙwai, nama, wake da gishiri mai aidin, su ne ke samar da kayan ginin. Bitamin B12 kuwa daga abincin dabba ake samun sa, don haka kunun gero shi kaɗai ba ya wadatar da yaron da aka yaye.