Jijiyar Gindin Sandar Filafilai

Jijiya gajeriyar roba ce mai tauri da ke haɗa sandar filafilai da allo a wasan sululu bisa ruwa da ƙarfin iska. Ita ke ba sandar damar karkata ko'ina. Jim Drake da Hoyle Schweitzer na Kalifoniya, Amurka, suka samu rajistar fasahar allo mai gaɓar da ke karkata ko'ina a 1970.

Noti biyu ke riƙe da jijiyar, sama da ƙasa. Rana da yawan lanƙwasuwa ke cinye ta, tsagewa kuwa takan faro daga ramin noti, don haka akan tanƙwara ta a duba kafin shiga ruwa, a sauya da zarar ta tsage. Akan ɗaura igiya a gefenta, kada allo ya rabu da filafilai in ta tsinke a tsakiyar teku.