Bagaruwa da Sana'ar Jima a Ƙasar Maraɗi

Darajar da fatar jar akuya ta samu a kasuwannin nesa ta dogara ne ga bagaruwa, itaciya mai ƙaya da ke son fadama da bakin tabki, wadda ake samu a kwarin Gulbin Kaba wajen Gazawa da Agiye, da kuma kwarin Gulbin Maraɗi da ya ratsa ƙasar Gidan Rumji, inda Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Kwanson ƴaƴan bagaruwa cike yake da tanin, wato sinadari mai bauri wanda idan ya shiga ɗanyar fata yakan kama zaruruwan furotin ɗinta ya ɗaure su, har ruɓa ta kasa samun hanya.

Majema sun ƙware a kan aikin jima tun kafin masana su ba sinadarin suna. Sukan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, su kankare ta da wuƙa, su tsoma ta a ruwan kashin kaji domin ta yi laushi, sannan su daka busasshiyar bagaruwa a turmi, su jiƙa garin, su riƙa cuɗa fatar a ciki har ruwan ya ratsa ta. Majemi yakan gane ta jemu da yatsunsa, ta wurin kaurinta da yadda take lanƙwasa. Daga nan sai man gyaɗa, sai rini da karan dafi mai ba da ja. Idan kuwa baƙi ake so, dukawa sukan shafa kuloko, ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, domin tanin yana baƙi da zarar ya haɗu da ƙarfe, kuma da wannan haɗin ne Turawa suka yi tawadar rubutu ƙarnuka da dama.

Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851, ya tarar a Kano ana fitar da jemammun fatu zuwa Tarabulus, kuma irin waɗannan fatu ne Turai ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko. 

Sana'ar ta fara ja da baya ne lokacin da jima da gishirin kurom, wadda wani mai suna Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ta rage aikin makonni zuwa kwanaki, kamfanonin zamanin mulkin mallaka kuma suka fi son ɗanyar fata busasshiya su jeme a ƙasashensu. Asarar ta yi wa ƙasar nauyi, domin ribar da ke cikin jima ta bi fatar zuwa waje, aka bar wa majemin karkara cinikin dukawa masu ɗinka layu, takalma, kube da jakunkuna, waɗanda har yanzu da fatar bagaruwa suke aiki.