Gidan Tarihi na Waziri Junaidu

Gidan Tarihi na Waziri Junaidu hukuma ce ta gwamnatin Jihar Sakkwato da ke cikin birnin Sakkwato, mai adana kayan tarihi da al'adun daular Usmaniyya. An raɗa masa sunan Waziri Junaidu (1906–1997), malami, marubuci kuma mawaƙin Larabci, wanda ya riƙe sarautar Wazirin Sakkwato daga 1948 har rasuwarsa.

Mai ziyara zai ga takubba, masu, kwari da baka da kayan sarauta, amma dukiyar gidan ta gaske takardu ce. Akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, ciki har da littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, jagororin jihadin 1804. Akwai kuma fayilolin mulkin mallaka na bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato.

Sunan ya dace da gidan: takardun da Waziri ya gada daga kakanninsa, zuriyar Waziri Giɗaɗo, su ne ginshiƙin binciken masanin tarihi Murray Last kan daular, wanda aka buga a 1967.