Eriya a Cikin Tayar Mota: Ƙirƙira ce ko Haɗa Sanannun Abubuwa?

Dokar Amurka ba ta ba mutum haƙƙin mallakar ƙirƙira idan abin da ya ƙera a bayyane yake ga matsakaicin gwani a fannin. Wannan sharaɗi, da ke sashe na 103 na dokar shekarar 1952, shi ne tushen taƙaddama kan eriyar da ake dasawa cikin taya domin aika lambar shaidarta, zafinta ko ƙarfin iskarta.

Masu ƙalubalantar haƙƙin kan ce eriya da taya duk tsofaffi ne, haɗa su kawai aka yi. Masu kare shi kuwa kan nuna cewa wayoyin ƙarfe da baƙin kabon da ke cikin robar suna raunana saƙon rediyo, kuma yawan lanƙwashewar taya na iya karya eriyar; shawo kan wannan matsala ce ƙirƙirar.

Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2007 a shari'ar KSR da Teleflex, kan totur mai na'urar lantarki, ya sauƙaƙa soke haƙƙin da ya tsaya ga haɗa sanannun abubuwa. Idan haƙƙin ya tabbata, mai shi na iya hana wasu kamfanoni amfani da fasahar har shekara 20 daga ranar da ya nema.