Awon Albarushi a Hannun Maharbi

A shekarar 1890 manyan ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa mutanenta bindigar toka da albarushin kasuwa. Harsashin zamani da awonsa yake fitowa daga masana'anta. Ita kuwa bindigar toka ta baki ake ɗura ta, kowane harbi sai an auna masa nasa. Shi ya sa awon ya zama ilimin gado a wurin maharban Anka, Gummi da Bukkuyum. In albarushi ya kasa, nama ya tsere. In ya zarce, bindiga ta fashe a hannun mai ita.