Awa 24: dokar Queensland da jar tururuwa

A watan Fabrairun 2001 aka gano jar tururuwa mai harbi, wadda masana ke kira Solenopsis invicta, a wurare biyu a birnin Brisbane na jihar Queensland da ke Ostareliya: ɗaya a tashar jiragen ruwa, ɗaya kuma a unguwannin kudu maso yammacin birnin. Asalinta daga nahiyar Kudancin Amurka ne, kuma ana kyautata zaton ta shafe shekaru tana hayayyafa kafin kowa ya ankara. Har yau kuɗin wannan makarar ake biya. A ganina, ingancin dokar yaƙi da baƙin halittu masu mamaye ƙasa ba ya ga tsananin hukuncinta. Ana auna shi ne da yadda take gajarta lokacin da ke tsakanin shigowar halittar da isar labarinta ga hukuma.

Tarihin wannan tururuwa a Ostareliya ya isa shaida. Inda aka ci karo da ita da wuri, kamar yankin Gladstone da tashar Port Botany ta Sydney da kuma Fremantle, an murƙushe ta, an rufe babin. A kewayen Brisbane kuwa, inda ta riga ta yi kaka-gida, an haura shekara ashirin ana fama. A 2017 gwamnatin tarayya da jihohi suka amince da shirin shekara goma na dala miliyan 411 na Ostareliya, amma duk da haka a watan Nuwamban 2023 aka same ta a Murwillumbah, cikin jihar New South Wales. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dokar da majalisar Queensland ta zartar a 2014 kan kare ƙasa daga cututtuka da baƙin halittu, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2016, ta fahimci haka. Ta ɗora wa kowa, manomi ne ko magini ko mai gida, nauyin ɗaukar matakin da hankali zai yarda da shi don hana yaɗuwa. Wanda ya ga abin da yake zargin wannan tururuwa ce, dole ya sanar cikin awa 24. Sannan an shata yankuna inda ba a fitar da ƙasa ko harawa ko tukwanen shuka sai an bi ƙa'ida. Wannan sashen ya fi kowane muhimmanci, domin sarauniyar tururuwar 'yan kilomitoci kawai take iya tashi, amma motar da ta ɗauko ƙasa daga wurin gini tana iya kai ta wata jihar kafin faɗuwar rana.

Gidan tururuwar ba shi da wuyar wucewa ba a lura ba: tudun ƙasa ne mai taushi, ba a ganin ƙofarsa daga sama, sai an taɓa shi su fito dandazo su hau ƙafa. Shi ya sa ake amfani da karnukan da aka horar su shinshino shi. Maganin kuwa tsakin masara ne da aka jiƙa da man waken suya, aka haɗa da sinadarin da ke hana sarauniya haihuwa. Tururuwa ma'aikatan gidan su kwashe shi su kai mata da kansu, gidan ya mutu a hankali. Wannan dabara tana buƙatar a bi kowane fili, kuma a maimaita. Fili ɗaya da aka tsallake zai sake cika na maƙwabta.

A nan ne gardamar take. Dokar ta ba jami'ai ikon shiga filin mutum su watsa maganin ko da bai so ba, kuma akwai masu filaye da suka yi tirjiya, suna tsoron abin da zai samu dabbobinsu da ruwan shansu. Ban ga yadda za a yi aikin ba tare da wannan iko ba. Sai dai iko kaɗai ba ya sa mutum ya buɗe baki. Idan mai sayar da harawa ya san rahotonsa zai tsayar masa da ciniki, kuma babu mai rage masa asara, shiru zai yi. Ostareliya ta taɓa ganin irin wannan. Tun 1886 New South Wales ta yi dokar tilasta wa masu filaye share wani baƙon tsiro mai ƙaya, Opuntia, amma da kuɗin sharewar ya zarce darajar filin sai mutane suka riƙa barin gonakinsu. Zuwa shekarun 1920 tsiron ya mamaye kimanin hekta miliyan 24, kuma wani ƙwaro da aka kawo daga Ajantina aka saka a 1926 ne ya karya lagonsa.

Mu ma ba baƙi ba ne ga makara. A 2016 sai da tsutsar Tuta absoluta ta gama da gonakin tumatir sannan jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Queensland kuwa yanzu daga gefe take taso wa tururuwar zuwa tsakiya, ta bar wa mazauna tsakiyar aikin rage ta a filayensu kafin layi ya zo kansu. Wa'adin da aka ɗiba na kawar da ita shi ne 2032, shekarar da Brisbane za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik.