Koyon Turanci ga Manya a Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Tambuwal da Kebbe biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, kuma suna kudancin jihar, a kan iyaka da Jihar Kebbi. Hausa ce harshen gida da na kasuwa a garuruwan yankin irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, ga kuma Fulatanci a rugage. Amma takardun banki da na ɗaukar aiki da umarnin da ke jikin kwalin magani ko na maganin feshi, yawancinsu da Turanci suke zuwa. Wanda bai iya karanta su ba, dole ya sa hannu a kan abin da wani ya gaya masa.

Masu bukatar wannan karatu

Kashi na farko su ne manoma da 'yan kasuwa da matan aure waɗanda suka yi karatun allo, suna iya karanta ajami, amma ba su shiga makarantar boko ba. Kashi na biyu su ne ƙananan ma'aikata da suka yi firamare ko sakandare, amma rashin sakamako mai kyau a darasin Turanci ya tare musu hanyar ƙaro ilimi. Kashi na uku su ne baƙi daga Jamhuriyar Nijar masu zuwa fatauci ko cin rani. Hausa ta wadatar da su wajen ciniki, sai dai wanda ya yi boko a cikinsu da Faransanci ya yi shi.

Tarihi da doka

Karatun manya ya samo asali ne daga shirin Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar a shekarun 1950, inda aka buga littattafan koyo a Zariya. A shekarar 1990 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Ƙasa, wato NMEC. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati alhakin samar da ilimin manya kyauta gwargwadon hali, kuma a Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a ranar 30 ga Satumba, 1999. Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Sakkwato ita ke kula da wannan aiki a cikin jiha.

Matakan karatu

Tsarin bai fara da Turanci ba. A mataki na farko ɗalibi yana koyon karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da yake ji, domin wanda ya gane haɗa baƙi da wasali a Hausa ya fi saurin kama wani harshe. A mataki na biyu, wanda ya yi daidai da manyan azuzuwan firamare, ake ƙarfafa Turanci tare da sauran darussa. Mataki na uku shi ne na ci gaba da karatu, inda ake shirya ɗalibi domin jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Samun kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a.

Ma'aikacin da ya tsallake wannan mataki yana iya neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo wadda aka kafa a 1975, ko kuma ya yi karatu daga gida a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa.

Shawara ga mai niyya

Ana shawartar mai sha'awa da ya tuntuɓi sashen ilimi a sakatariyar ƙaramar hukumarsa domin sanin ajin da ya fi kusa da shi. Manomi zai fi samun sukuni da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Yawan shekaru ba ya hana shiga aji, domin Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi.